Cima da Ƙafar Maigari

A wani ƙauye da ke arewacin Tabotaki akwai wata mai fura, sunanta Cima. Ba ta taɓa shiga lakkwal, wato makarantar boko, ba, kuma ko yanzu da tsufa ya kama ta, idan ta yi magana a gidanta ana jin ta a unguwar gaba.

A shekarun da kurkunu yake kwantar da manoma daidai lokacin noma, majo, babban ma'aikacin gidan likita, ya zo ya yi bayani cewa tsutsar tana zuba 'ya'yanta ne idan mai ciwon ya tsoma ƙafa a tafki, duk wanda ya sha ruwan kuma sai ya jira nasa baɗi. Aka raba ƙyallen tace ruwa, Maigari Maiguwa ya sa aka yi shela cewa mai kurkunu kada ya kusanci tafki.

Ba a jima ba kurkunun ya fito wa Maigari a idon sawu. Da raɗaɗi ya ishe shi, ya sa aka ɗora shi a kan jaki, ya nufi tafkin, wanda shi kaɗai garin yake sha. Dattawa suka bi shi suna ta gyaran murya, amma babu mai iya hana shi. Liman ma kallon gajimare ya shiga yi.

Cima kuwa taubashiyarsa ce, ɗiyar kawunsa, kuma al'ada ta yarje mata ta gaya masa abin da ta ga dama. Ta ajiye ƙwaryarta, ta riƙe igiyar jakin.

"Bawana, ina za ka da wagga ruɓaɓɓar ƙafa?"

"Cima, ki ji tsoron Allah, wuta nake ji," in ji Maigari.

"Mu kuma mu sha romonta?"

"Ni ne fa maigari."

"Kai ka sa a yi shela, amma jakinka ya fi ka jin ta. Ga shi ya tsaya."

Ta juya jakin har gida. Kullum sai ta kai masa ruwa a bokiti ya tsoma ƙafar, tana yi masa tsiya, sannan ta zubar da shi cikin rairayi nesa da tafki, har tsutsar ta gama fita.

Damina mai zuwa mutanen garin a tsaye suka yi noma. Da majo ya dawo yana yabon su, Maigari ya karɓi yabon hannu bibbiyu. Cima ba ta yi musu ba. Ta ce tunda har yanzu yana ɗingishi, a bar shi ya dogara da wani abu.