Sanarwar da Ba Ta da Hatimi

Zakariya'u ɗan unguwar New Bell ne, a lungun da kakansa ya sauka lokacin da ya zo fataucin goro daga Kano. Boko da Faransanci ya yi ta, Hausa kuwa ta gida ce. Aikinsa a wata jami'a mai zaman kanta ne, can wajen unguwar Bonamoussadi, inda yake kula da allunan sanarwa: talabijin goma sha ɗaya da aka kafe a bango, daga bakin ƙofa har ɗakin karatu. Duk abin da ya fito a jikinsu, ta kwamfutarsa ya bi.

Yana da tsarinsa. Rubutu manya, fari a kan baƙi, kada ya wuce layi huɗu, kowace sanarwa ta daɗe yadda mai karatu a hankali zai kai ƙarshenta. In ya sa sabuwa, sai ya taka har ƙarshen baranda, ya cire tabaransa ya duba. In bai iya karantawa ba, ya koma ya sake. Abokan aiki suna masa dariya, shi ko a jikinsa.

A 2018 rikicin yankunan masu Ingilishi ya koro ɗalibai daga Bamenda da Buea, makaranta ta cika. Wata rana wata sanarwar ƙarya ta zaga wayoyi, wai an rufe makaranta, aji ya wayi gari ba kowa. Sakatare Janar na jami'ar ya tara ɗalibai ya ce daga yau duk abin da ba shi da hatimi da sa hannu ƙarya ne. Zakariya'u kuma aka ba shi umarni: hoton takardar kanta zai riƙa sawa, ta Faransanci da ta Ingilishi gefe da gefe. Cirewa ma sai da takarda. Sanarwa ta taru har arba'in, kowace daƙiƙa shida, rubutu kamar jerin tururuwa.

Wadda abin ya fi taɓawa ita ce Asta, 'yar Malam Badamasi tela na unguwar Kassalafam. Tun ƙyandar yarinta idonta ya raunana. Ranar da ta shiga jami'ar, uban da kansa ya hau benskin, wato acaɓa, ya zo ofishin Zakariya'u.

"Ga ƙanwarka nan," ya ce. "Kanta lafiya lau, idon ne kawai. Amana."

Da can takan tsaya ta karanta abinta. Yanzu sai ta ɗaga waya ta jira takardar da take so ta zagayo, ta ɗauki hoto, ta faɗaɗa shi a kan hancinta. In ta kuskure, ta sake jiran minti huɗu. Shekararta ta ƙarshe ce a fannin shari'a, jarrabawa ɗaya ta rage mata, wadda ta rasa tana asibiti. An ba waɗanda suka rasa damar sakewa ranar Litinin. Dokar makarantar kuwa, wanda ya rasa sau biyu an sallame shi.

Ranar Alhamis takarda ta iso teburin Zakariya'u: an dawo da jarrabawar zuwa Asabar, ƙarfe takwas, domin malamin daga Buea yake zuwa, can kuwa saboda rikicin ba a fita ranar Litinin. Ya sa hotonta kamar yadda aka ce. Ya je ƙarshen baranda, ko da tabarau bai iya bambance ta da tsohuwar takardar ta Litinin ba: kai ɗaya, hatimi ɗaya, layi ɗaya ne ya bambanta. Sai ya koma ya buga tasa da manyan baƙaƙe, ya sa ta a kan dukkan allunan.

Ta tagarsa ya hango Asta ta tsaya, ba waya a hannu, tana karantawa, har ta gyaɗa kai. Hankalinsa ya kwanta.

Ba a yi awa guda ba Sakatare Janar ya turo ƙofa.

"Mesiye Zakari, wa ya sa hannu a wannan?"

"Ranka ya daɗe, maganar takardarka ce, girma kawai na ƙara mata."

"Ina hatimi?"

"Yana kan ɗayar. Amma akwai waɗanda ba sa iya..."

"Kai ne likitan ido yanzu? Gobe wani ya kwaikwayi naka ya ce an rufe makaranta, kai za ka amsa? Enlevez-moi ça, cire min shi. Yanzu."

"To a ba ni izinin cire tsohuwar, ta Litinin."

"Rubuto a takarda."

Ya cire tasa, ya rubuta takardar neman izinin. Ya yi tunanin kiran Asta, sai ya ce ai da idonsa ya ga ta karanta. Juma'a bayan masallaci ya gaisa da Malam Badamasi, suka yi hirar ruwan da ya cika lungu, bai ambaci jarrabawar ba.

Litinin da hantsi ya gan ta a baranda, da sabon mayafi da biro biyu a hannu.

"Yaya Zakari, wane ɗaki ne? Na ga ba kowa."

"Asta, ba Asabar aka yi ba? Ba ki karanta ba?"

"Wancan mai manyan baƙaƙe? Ai na ƙarya ne. Ba hatimi, kuma da na dawo an cire shi. Na ɗauki hoton mai hatimin, ka gani." Ta miƙo masa wayar. Tsohuwar ce.

Sau uku yana hawa bene wurin Sakatare Janar. A na ukun mutumin ya bar shi ya zauna, har ya nuna tausayi. Sannan ya jawo takardar Alhamis ya ɗora yatsa a kan hatimin.

"An sanar ko ba a sanar ba?"

"An sanar."

"Ɗalibai talatin da biyu sun zo. Me zan gaya wa majalisar makaranta?"

Da la'asar ya sauka a Kassalafam. Malam Badamasi yana kan keken ɗinki, bai tsayar da ƙafarsa ba sai da ya kai ƙarshen ɗinkin. Asta tana zaune a benci tana ninke yadi.

"Malam, laifina ne," in ji Zakariya'u. "Da na buɗe baki ranar Juma'a..."

"Zauna tukuna. Asta, kawo wa yayanki ruwa."

Ta kawo, ta tsaya a kansa.

"Yaya, mai manyan baƙaƙen nan, kai ka rubuta shi?"

"Ni ne."

"Ya karantu kuwa," ta ce. "Rabona da in karanta abu a makarantar nan ba waya, na manta."

Malam Badamasi ya ciji zare ya tofar. "To yanzu akwai wani ofishin da za a je?"

Zakariya'u ya juya kofin a hannunsa. "Babu, Malam."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya jawo wata rigar ya sa a ƙarƙashin allura.