Takalmin Yarinyar Inna Rabi Yana Hannuna

Da safen nan na kira wayar Inna Rabi, sai wata murya da ban sani ba ta ɗauka.

Ta ce, "Ke ce mai keke? Hoton keke ne ya fito a wayar. Ni maƙwabciyarta ce, Hassana. Sai haƙuri, Inna ta rasu. Jiya bayan la'asar aka kai ta."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wai jiri ne ya ɗebe ta tana alwala. Kwana biyu tana kwance ba ta ƙara magana ba, shi ke nan.

Ina tsaye a bakin garken tumaki da bokiti a hannu lokacin da na ji. Tumaki suka sha ruwansu, ni kuwa na juya na rasa wanda zan gaya wa. Maigidana yana can ƙarshen gona wajen injin ban ruwa, ba ya dawowa sai magariba. Shi ya sa nake rubutawa a nan. Ku yi haƙuri da tsawonsa, akwai abin da zan roƙe ku a ƙarshe.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Inna Rabi mutuniyar Nijar ce, daga wajen Maraɗi. Takalman gwanjo take sayarwa a ɗakinta a unguwar Tayuri, nan Sabha ta ƙasar Libiya. Ba ta iya karatun boko ba, don haka kowa da hoton da ta ajiye lambarsa da shi a waya. Ban taɓa sanin keke ta sa min ba sai yau.

Shekara uku ke nan da na biyo maigidana daga Kazaure. Gonar da yake aiki tana bayan gari, irin wadda Larabawa ke kira mazra'a, an zagaye ta da katanga. Ni kaɗai ce mace a ciki, kuma Allah bai ba mu haihuwa ba tukuna. Ba ni da takardar zama, saboda haka ba na son hanyar da ke da shingen bincike. Sai in yi wata guda ban ga fuskar mace 'yar'uwata ba.

A bayan sito akwai wani tsohon keke da wani maigadi ya tafi ya bari. Kaɗaici ne ya koya min hawansa, ba kowa ba. Da a garinmu ne aka ga matar aure kamata a kan keke, kafin in sauka zance ya kai gidan surukaina. Nan kuwa dabino da tumaki ne 'yan kallo, kuma ba su da gulma. Da shi nake kai wa maigidana abinci ƙarshen gona.

Da silifas nake hawa, kamar kowace 'yar ƙauye mai taurin kai. Wata rana silifas ɗin ya zame, feda ta dawo ta cire min farcen babban yatsa.

Da ciwon ya warke, maigidana ya roƙi direban da ke kai tumatir kasuwa ya sauke ni a Tayuri, wajen wata mai takalmi da abokan aikinsa suka ba shi labari.

Na shiga na gaishe ta, na ce kambas nake so, lamba talatin da takwas.

Ta dube ni, ta dubi ƙafata. "Wa ya ce miki talatin da takwas?"

Na ce ita nake sawa tun ina budurwa.

Ta ce, "To ƙahwar ba ta samu labari ba. Zamna. Ni ba ni auna ƙahwa da sahe. Da sahe ƙarya take yi. Sai ta yini ta kumbura sannan ta hwaɗi gaskiya."

Na ji haushi wallahi. Na ce a raina, tsohuwar nan ta cika tsirfa, takalmi ne ko ɗinkin aure? Amma mota sai yamma za ta koma, ba ni da wurin zuwa, sai na zauna. Ta dama fura ta ba ni. Ta tambaye ni mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya kamar ta san su. Ranar na yi surutu har muƙamuƙina ya yi ciwo, don na daɗe ban yi amfani da shi ba.

Bayan la'asar ta shimfiɗa kwali a ƙasa. Ta sa na sa safa, na tsaya a kai da nauyina duka, ta zagaye ƙafafuna da biro, dama da hagu. Ashe ta hagu ta ɗan fi tsawo. Na shekara talatin da ƙafar nan ban sani ba.

Lamba arba'in ta ba ni. Na ce, "Inna, wannan ai kwale-kwale ne." Ta yi kamar ba ta ji ba.

Ta zazzage buhu guda kafin ta zaɓa. Mai laushin ƙasa ta lanƙwasa shi da hannu ta jefar, ta ce feda za ta riƙa cin tsakiyar ƙafa. Mai igiya ta ce sarƙar keke za ta kama igiyar ta kayar da ni. Mai tsinin baki ta ce na Turawa ne, mu da muka tashi cikin silifas ƙafarmu faɗi gare ta a gaba. Akwai wani mai ƙarfe a ƙasa da ya burge ni, na 'yan tseren keke sosai. Ta ce fedarmu ba irin tasu ba ce, kuma in na taka siminti da shi sai na yi ta santsi kamar akuya.

Wanda ta ba ni mai taurin ƙasa ne, mai mannewa a sama, ba nauyi. Ta danna gabansa da babban yatsanta ta ga akwai fili. Ta riƙe dunduniyar ta ce in ɗaga ƙafa, ta ga ba ta fita. Sannan ta ce, "Yanzu kin yi takalmi."

Gaskiyarta. Na daina jin tsami a tafin ƙafa, hawan tudun bayan rijiya ya zama wasa.

Sai dai kun san halinmu. Alwala sau biyar, shiga ɗaki, fita ɗaki, wa zai tsaya yana sunkuyawa? Cikin sati biyu na take bayan takalmin na mayar da shi silifas. Da na koma wurinta da shi a haka, ta kama haɓa ta yi salati kamar na zo da gawa.

"Ɗiyata, mi ya yi miki? Dunduniyar nan ita ce takalmin!"

Ta tashi ta ɗauko wani tsohon cokali a cikin kwanukanta. Ta nuna min yadda zan zura shi a baya in sa ƙafa ba tare da na take ba. Ta cusa tsumma a dunduniyar har ta miƙe. Cokalin yana nan rataye a ƙusa a bakin ƙofata, ina ganinsa daga inda nake zaune.

Wata rana na tambaye ta inda ta koyi sirrin takalmin keke, alhali ita ko hawa ba ta iya ba. Sai ta buɗe wata jaka ta fito da takardu a ninke, irin na littafin makaranta mai ƙananan gidaje. Kowace da zanen ƙafa biyu, wata ta fi wata girma.

Ta ce, "Yarinyar nan ce. Da keke take zuwa lakwal, garin da nisa. Kowace shekara in an kusa komawa sai ta zana ta aiko mini, ni kuma in zaɓa in ba direba."

Lakwal ita ce makarantar boko a bakin mutanen Nijar. Shekara bakwai rabonta da ganin 'yarta. Ta ce ba ta san tsawonta ba yanzu, amma ƙafarta kam ta san ta.

'Yar fari ce, kuma ita kaɗai. Inna Rabi irin mutanen da ce masu kunyar ɗan fari, ba ta taɓa kama sunanta ba. Kullum "yarinyar nan". Ni kuma aka yi min tarbiyya, ina zan iya buɗe baki in ce wa babba mene ne sunan 'yarki ta fari? Na bar shi a haka, ina ganin ladabi na yi.

Ganina da ita na ƙarshe sati uku ke nan da 'yan kwanaki. Ina shiga ta ce, "Zo ki ga abin mamaki." Ta ɗora takardar bana a kan kwalina. Suka hau juna daidai, har ɗan tsawon nan na hagu. Ta yi ta dariya tana share ido da gefen mayafi.

Ta riga ta zaɓi takalmin, shuɗi mai ratsin fari, kusan sabo. Ta ce, "Tauri gare shi. Ki hau keke da shi sati guda ya saki, kar ya je ya cije ta a hanya. Kuma in kika take mishi baya, ni da ke ne."

Na taho da shi a leda, da takardar a ciki.

Daga ranar, kullum bayan la'asar sai wayata ta yi ƙara. "Ɗiyata, ya takalmin?" Daga nan sai hira. Tunkiyar da ta haifi biyu, gwiwarta da ke damunta, wace ce ta zo auna ƙafa da safe aka zaunar da ita. Da can sai a yi sati biyu ba mu yi waya ba. Yanzu ga shi kowace rana akwai mai nemana. Tun azahar nake sa wayar a caji.

Cikin sati guda takalmin ya saki, na sani sarai. Amma da ta tambaya sai na ji bakina ya ce, "Saura kaɗan, Inna, yana ɗan cizo a dunduniyar hagu."

Ƙarya na yi. Tsoro nake in na mayar, wayar ta koma shiru.

Sati na biyu na maimaita. A na uku direban da take ba saƙo ya tashi zuwa Agadas ba tare da takalmin ba. Ta ce, "Ba komi, wani na tashi." Ko a muryarta ban ji ta canza ba.

Ranar Asabar ta kira kamar kullum. Muka gama hira, sai ta ce, "Ɗiyata, na daɗe cikin wagga sana'a. Takalmin da zai yi sati ukku shina cizo, ba ni na zaɓe shi ba." Ta yi 'yar dariya. "Ki kawo shi Alhamis. Kira kau ba ni hwasawa, ko babu takalmi."

Kunya ta rufe ni. Na ce to, na ce tumaki na jirana, na kashe wayar. Ko na gode ban ce ba.

Lahadi ba ta kira ba. Litinin ma haka. Na ɗauka horo take min, ni kuma kunya ta hana ni kira. Jiya da la'asar ina zaune a ƙofar ɗaki ina hararar waya, ina cewa tsohuwar nan ta iya fushi. Ashe a daidai lokacin ake kai ta makwanci.

Yau na kira ne in ce mata gobe ina tafe.

Ga roƙona. Hassana ta ce wayar Inna a kulle take, sai dai a amsa kira, kuma mutanen gida ba sa kira, ita ce take kiran su. Waɗanda suka zo Sabha tare da ita duk sun watse tuntuni. A Tayuri kowa ya san Inna Rabi mai takalmi ta wajen Maraɗi, amma wajen Maraɗi ai ƙasa ce guda. Direban da take ba saƙo ma ba wanda ya san shi. Har yanzu da nake rubutun nan, yarinyar ba ta san ta zama marainiya ba. Takalmi take jira, don an kusa komawa makaranta.

Na sa hoton takardar a ƙasa. Babu suna a jiki, sai harafi biyu, G da D, da Inna ta ce hagu da dama ne a Faransanci, da ɗan zanen fure a gefe. Don Allah mutanen Nijar da ke bina, na unguwannin Manshiya da Gurda a nan Sabha, da na can gida, ku tura gaba. Wani zai san budurwar da ke zuwa makaranta a keke, wadda uwarta ke aiko mata takalmi daga Sabha kowace shekara. In kun gano gidan, ku fara gaya wa babba, kar ta ji a bakin hanya.

In ya kai gare ki, ƙanwata, ki yafe min. Da tuni yana ƙafarki, ni ce na riƙe shi. Ya saki, ba zai cije ki ba, kuma ban take masa baya ba. Zan haɗa miki da cokalin.

La'asar ta kusa, kuma na ga hannuna ya sa wayar a caji.

Ya Allah, baiwarKa Rabi ta rasu a ƙasar da ba tata ba, nesa da 'yarta. Ka gafarta mata, Ka yalwata mata kabarinta, Ka zame mata abokin zama a inda ba mai kira. Yadda ta sunkuya ta gyara wa bayinKa tafiya, Ka sauƙaƙa mata tata, Ka sa Aljanna ce masaukinta.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi mata addu'a ko da kalma ɗaya ce. Ku sa yarinyar ma a ciki. Ni ban san sunanta ba, amma Allah Ya sani.