Agogon Baba Isifu

Abubuwa uku aka sani suna raba kan jama'a tun zamanin kakanni: gado, sarauta da iyakar gona. Ni na ƙara na huɗu, agogon hannu, kuma ina da hujja.

Har gobe ba na mantawa da ranar da aka ajiye agogo biyu a kan teburin shef, wato shugabanmu, a ofishinmu na jigilar kaya da ke Dapaong. Al'adarmu ce, in ma'aikaci zai yi ritaya, a yi karo-karo a saya masa kyauta, kuma ba a tambayarsa abin da yake so, wai kada a ba shi kunya. A wannan karon Baba Isifu ne zai tafi, babban direbanmu, wanda ya tsufa a kan hanyar Lomé zuwa Cinkassé. An kafa kwamiti, ni ne magatakarda.

Agogo na farko mai batir ne, baƙi, mara nauyi, lambobinsa manya, ruwa ba ya shigarsa, kuɗinsa jaka goma sha biyar na sefa. Na biyu na ƙarfe ne, mai nauyi, ya ninka wancan sau uku a tsada. Ba ya cin batir. Motsin hannun mai shi ne abincinsa, in an bar shi a ajiye kwana biyu sai ya tsaya.

Madam Rakiya, mai kula da kuɗinmu, ta ce, "Shef, a ɗauki baƙin nan. Idon Baba ya fara gajiya."

Shef ya ce, "Haba Madam! Mutum ya ba mu ƙuruciyarsa, mu sallame shi da roba? Wannan ai na 'yan makaranta ne."

Aka ce a ji ta bakin masu irinsu. Wani Alhaji mai shago a Cinkassé ya rantse nasa na ƙarfe ya girmi ɗansa na fari, bai taɓa ganin mai gyara ba. Wani jami'in duwan, wato kwastan, mai irin baƙin ya ce bai san yabo ko zagi ba, shi dai in ya duba yana ganin lokaci. Kwamiti ya ga wannan shaida ba ta da armashi.

Shef ya rufe taro da cewa, "Hannun da ya saba murɗa sitiyari ba ya zama wuri ɗaya. Agogon nan ba zai taɓa jin yunwa ba." Aka tafa, aka sayi na ƙarfe.

Kafin ranar walima, Baba ya je gida Sokodé ganin iyali, hawan jini ya kayar da shi a bakin masallaci. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, na dama kuma sai a hankali. Aka fasa walimar, aka aike ni da kyautar.

Na same shi kwance a tabarma. Matarsa, Inna Salamatu, ta ɗaura masa agogon, ya yi ta kallonsa. Da kyar ya ce, "Malam sakatare, batir fa?"

Na ce, "Baba, ba ya so. Motsin hannu yake so."

Ya dubi hannun, ya dube ni, ya yi dariya da rabin baki. "To, ni da shi mun yi ritaya."

Da na koma bayan wata biyu, na tarar Inna na kwance agogon kowace safiya, ta girgiza shi kamar mai kaɗa nono, ta mayar masa, don ya riƙa sanin lokacin salla da na magani. Da aiki ya sha kanta kwana biyu, agogo ya tsaya, Baba ya yi ta jiran azahar har aka kira la'asar.

Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, ku sani mun auna nauyi, mun auna tsada, mun ji ra'ayin masu shi, duk bisa ƙa'ida. Direba muka saya wa agogo, alhali mai barin tuƙi za mu ba.

Baba ya rasu da damina. Baƙin agogon, Madam Rakiya ce ta saya wa kanta, har yau ba ta canza masa batir ba.