Tabarmar Makoki a Ƙofar Baturiya

A gidan suna nake, nan Jakara, wata maƙwabciyarmu ta miƙo mini wayarta ta ce, "Malama, duba mini, wannan ba ɗan gidanku ba ne?" Na karɓa na duba. Ƙanena ne, wanda ya daɗe yana tuƙin bas a wani birni na Turai. Yana zaune a kan tabarma a ƙofar wani dogon bene, shi da wasu maza cikin fararen kaya da huluna, sun ɗaga hannuwa. Daga sama aka ɗauki bidiyon, ta taga. An yi rubutu a ƙasa da yaren mutanen can, wani kuma ya ɗora murya yana fassarawa: wai baƙi sun mamaye titi, sun tsare ƙofar wata tsohuwa da mijinta ya mutu, ko fita ba ta iya yi. Ban iya cin abincin sunan nan ba. Na saka takalmina na tafi gida ina huci.

Ni na san ƙofar da aka ce an tsare, ko da yake ban taɓa taka ƙasar ba. A benen nan ƙanena yake haya tun kafin ya yi aure, a nan aka haifa masa 'ya'ya duka. A hawan ƙasa akwai wani tsohon Bature da matarsa. Tsohon ya yi aikin jirgin ƙasa har ya yi ritaya, kuma shi ya riƙe ƙanena lokacin da ya zo baƙo, ya koya masa yadda ake magana da hukuma da yadda ake raba shara kala-kala, abin da har yau nake yi wa ƙanena tsiya a kansa. Baba ƙanena yake ce masa. A shekarun nan birnin yana tinƙaho da cewa shi na kowa ne. Duk shekara ana biki a layinsu, kowa ya fito da abincin garinsu, matar ƙanena ta yi waina da miyar taushe, tsohon nan ya zuba yaji yana ci yana hawaye yana neman ƙari.

Daga baya siyasarsu ta juya. Wata jam'iyya ta taso, ba ta da zance sai na baƙi: su suka cinye aiki, su suka cika asibiti, su suka ɓata gari. Ƙanena ya ce fasinjojin da a da suke gaishe shi idan sun shigo bas, yanzu sai su wuce kamar kujera ce ke tuƙin. Bikin layi ya yi ta raguwa har aka daina. Shi dai bai fasa gaida kowa ba, don haka aka tarbiyyantar da mu.

Da na isa gida na kira shi. Na ce, "Kai, me nake gani a wayoyin mutane?"

Ya ce, "Yaya, Baba ne ya rasu."

Ya ba ni labari. Da safe ya ji rasuwar, ya sauko da sauri, ya tarar da ƙofa a rufe, ba kowa a matakala, ba takalmi ko ɗaya a bakin ƙofa. Matar marigayin tana ciki ita kaɗai, ɗansu yana wani gari bai iso ba. Maƙwabta suna wucewa da jakunkunansu za su aiki. Wanda ya tashi a Jakara ba zai iya ganin wannan ya koma ɗaki ya sha shayi ba. Ranar da mahaifinmu ya rasu, tun daga bakin lungu har masallaci tabarmi ne, har waɗanda suka yi shekaru ba sa ga maciji da shi sun zo sun zauna. A wurinmu gidan da aka yi mutuwa aka bar ƙofarsa wayam, an ci mutuncin mamacin ke nan. Sai ƙanena ya kira abokansa, 'yan Kano da 'yan Nijar da wani ɗan Gana, ya ce ubansa na nan garin ya rasu. Kowa ya bar abin da yake yi, ya sa kayan Juma'a ya zo. Suka shimfiɗa tabarma a gefen ƙofa, ba su tare hanya ba, suka zauna shiru. Hannun da aka ga sun ɗaga, haƙuri suke roƙa wa matar. Matar ƙanena ta dafa abinci ta shigar mata. Tsohuwar ta fito, ta ga mutane zaune saboda mijinta, ta fashe da kuka, ta kama hannun ƙanena ta riƙe. Wannan wurin mai bidiyon bai ɗauka ba, ko ya ɗauka ya yanke. Kafin la'asar 'yan sanda suka zo, cikin ladabi dai, suka ce a watse.

Zaɓen birnin ya kusa a lokacin, sai 'yan jam'iyyar nan suka samu abin da suke nema. Suka yi ta yaɗa bidiyon har ya zagayo ya iso gidan suna a Jakara. Abin da ya fi ƙona mini rai, babu wanda ya sauko ya tambaya. Matakala kawai mutum zai taka ya ce, bayin Allah, lafiya kuka zauna nan? Mutumin da ya shekara yana amsa gaisuwar ƙanena ya gwammace ya laɓe a bayan labule da waya. Kuma su ne kullum suke koya wa duniya wayewa.

Wani malami da muke koyarwa tare ya ce mini, "Malama, shi ma wa ya aike shi? Ƙasar mutane ce, sai ya bi al'adarsu. Mu ma nan ai ba kullum muke kyauta wa baƙi ba." Na ce ban musa ba, mun san abin da aka sha yi a garin nan, kuma ba abin alfahari ba ne. Amma ka zaga cikin ganuwa ka tambayi asalin gidaje, za ka ji wannan kakansu Balarabe ne, wancan Banufe, wancan Babarbare, wancan Buzu, duk sun zama 'yan gari. Kuma ban taɓa jin an kira wa mutum 'yan sanda don ya zo ta'aziyya ba. Kuskure kam ƙanena ya yi, ya ɗauka mutuwa ɗaya ce a ko'ina. Ni dai ban ga inda wannan kuskure ya zama laifi ba.

Maganar ba ta tsaya a waya ba. Mazauna benen suna da ƙungiya, kuma mai gidan da shawararsu yake sabunta wa mutum haya. Wasu suka kai ƙara cewa ƙanena yana tara mutane yana tsorata tsofaffi, aka sa ranar zama. Idan aka ƙi sabunta masa, sai ya kwashe iyali ya bar unguwar da yaransa suka sani, da makarantarsu, da komai. Magana ɗaya daga bakin tsohuwar nan za ta kashe wutar. Ni har ga Allah ban yi shakka ba. Na ce masa, "Kwantar da hankalinka. Matar da ta riƙe hannunka tana kuka ba za ta bari a wulaƙanta ka ba." Ya ce, "Allah ya sa, Yaya."

Ranar zaman, tsohuwar ta zo da ɗanta, wanda ko sau ɗaya ƙanena bai taɓa ganin ya kawo wa ubansa ziyarar kirki ba. Aka tambaye ta ko ita ta gayyaci mutanen. Ta ce a'a. Aka tambaye ta ko ta ji tsoro. Ta sunkuyar da kai tana kallon tebur. Ɗan ya amsa a madadinta, ya ce wace tsohuwa ce za ta ga irin wannan taro a ƙofarta ba ta firgita ba? Aka sake juyowa gare ta, sai ta gyaɗa kai. Ƙanena ya tashi zai yi bayanin yadda ake zaman makoki a garinsu, shugaban zaman ya ce masa nan ba garinsu ba ne.

Da yake ba ni labari har kare ta yake yi. Wai ai ba ta yi ƙarya ba, ba ita ta kira su ba, kuma tsohuwa ce, da waɗannan mutane za ta ci gaba da zama. Na ce, "Rufe mini baki! Ta farko gaskiya ta faɗa, ta biyu fa? Wanda ya firgita yana karɓar kwanon abinci ya cinye?" Daga baya matarsa ta gaya mini tsohuwar ta tare ta a matakala, ta waiga hagu da dama, sannan ta ce da ita ƙasa-ƙasa, su kam ba ta da matsala da su, zamani ne ya canza. Wallahi da zagin su ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ba a sabunta hayar ba. Suka koma can bayan gari, wata unguwa da ake jibge baƙi, yara suka canza makaranta, shi kuma tafiyarsa zuwa aiki ta ninka. Na yi ta masifa a waya har ya fara gudun kirana. Na ce ya tattaro ya dawo gida, ya ce yaran ba su san wani gida ba sai can.

Bayan wasu watanni muna magana da rana, na ji jiniya a bayansa. Na tambaye shi lafiya, ya ce wani dattijon Bature ne da ke samansu ya rasu, an zo ɗaukarsa. Ya ce mutumin kirki ne, kullum sai ya ba yara alewa.

Na ce, "Allahu akbar. Ka hau ka yi wa iyalinsa gaisuwa?"

Ya ce, "Yaya, na kulle ƙofa. Na ce wa yara kada wanda ya leƙa."