Sista da Kwalayenta

Ranar da babban likitan asibitinsu ya tako har gida yana roƙon Sista kada ta ajiye aiki, ranar ce dillalin da ta sayar wa kujerun falo ya zo kwasar kayansa. Ni shanya nake yi. Ba laifina ba ne da igiyata take kallon ƙofar falonta.

Likita ya ɗaga kofin shayi ke nan, sai ga ƙarti biyu a kansa. "Ranka ya daɗe, a ɗan ɗaga mana." Bawan Allah ya miƙe da kofinsa a hannu, aka fice da kujera. Don ta rufe kunya, Sista ta jawo wani kwali, ta ce ai wannan ya fi kujerar daɗin zama, bari ma ta nuna masa. Ashe labule biyu ne kacal a ciki, sauran duk iska. Ta zauna, ta nutse, ƙafafu suka yi sama, takalmi ɗaya ya faɗa cikin farantin biskit. Sai da likita ya kama hannu ɗaya, dillali ya kama ɗayan, kafin aka zaro ta.

Na ce mata sannu ta kan katanga. Har yau ba ta amsa ba.

Sista maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara ashirin da bakwai ta yi tana aikin jinya a sashen yara, har ta kai in jariri ya yi kuka daga ƙofar asibiti ta san ko ciki ne ko kunne. Maigidanta ya rasu da jimawa, 'yarta tilo tana aure a wani gari. Saura shekara takwas lokacin ritayarta ya yi, amma gwiwoyinta sun riga ta ajiye aiki. In za ta tashi daga tabarma sai ta dafa bango tana kiran sunan Allah.

Mai hure mata kunne ƙaninta ne, yana sayar da tayoyi a tsallaken iyaka. Kullum yana kan waya: "Yaya, ki taho nan. Fanshonki a can ko makon farko ba zai kai ki ba, a nan kuwa har gida mai bishiya a tsakar gida za ki kama." Ta ce to. Washegari ta ce a'a, wace ce za ta bar kabarin mijinta ta tafi inda ko gaisuwarsu ba ta iya ba? Jibi kuma ta sayo kwalaye.

Wata bakwai muna cikin wannan hali. Litinin ta ɗaure kaya, Juma'a ta kwance. Tukunyarta na cikin kwalin da ta manne da salatif, saboda haka tawa take ara. Dutsen gugana ya fi sanin ɗakinta a kan nawa. Sau biyu muna yi mata bankwana, har da hawayena na gaske, da safe in ji tana shara tana waƙa. Na ce, "Sista, don girman Allah ki tafi ko ki zauna, idona ya gaji."

Ta ce arha take bi, amma duk layinmu mun san hutu take nema. Ƙofarta ba ta yin awa guda ba a buga ba. Mai kanti ya kawo takardar gwaji a karanta masa. Matar tela ta shigo da yaro ya cusa dutse a hanci. Akwai wanda ya taɓa jawo mata akuya wai tana tari. Mutane ba su da tausayi. Ni dai ba na damunta. Awon jini ne kawai safe da yamma, shi ma don hanya ce.

Daga ƙarshe ta ɗauki hutun mako biyu ta tafi garin ƙaninta gwajin zama. Ta rantse ba wanda zai san aikinta a can. Ta sa ƙaninta ya ce wa masu gidan da ya kama mata haya wai ɗinki take yi. Kwana biyu ta yi tana barci har rana ta take, ta ce rabonta da irinsa tun tana budurwa. A rana ta uku tana zaune a inuwa, sai ta hango matar mai gidan za ta ɗura wa jaririnta maganin zazzaɓi da ludayin miya. Da tela ce ta gaske da ta kau da kai. Ina! Ta yi tsalle da gwiwoyin nan nata, ta fizge ludayin, ta ɗaga kwalbar ta duba a haske, ta taɓa goshin yaro, ta ja fatar idonsa. Ba ta jin yarensu, amma duk matan gidan sun gane wannan hannun bai taɓa riƙe almakashin tela ba.

Kafin mako ya ƙare an sa benci a ƙofar ɗakinta, ƙaninta ya bar shagon tayoyi ya koma tafinta.

Da ta dawo na bari ta ajiye jaka, ta sha ruwa, don ni mai kara ce. Sannan na shiga na naɗe hannun rigata na miƙa mata. Ta harare ni, ta tono na'urar awon jinin daga ƙarƙashin kwalin takalma, ta ɗaura mini da ƙarfin da ya wuce na likitanci.

Na ce, "To, malama mai ɗinki, an gama yawon duniya? Kin ga dai can ma ba su bar ki ba. Nan layi, can layi, duk ɗaya ne. Ki kwance kayan nan ki zauna cikin mutanenki, ki maido mini da tukunyata."

Ta ci gaba da matsa robar tana kallon allurar na'urar. Ta ce, "Na miƙa takardar ajiye aiki tun kafin in shigo gida. Ƙarshen wata zan tafi, kuma wannan karon kada ki wahalar da idonki."

Na ce, "Haba Sista! Me suka fi mu da shi?"

Ta warware abin daga hannuna ta ce, "Su can in na duba mutum, warkewa yake ya kama gabansa. Ke kuwa shekara goma sha tara ina duba ki, ba ki warke ba, ba ki mutu ba, ba ki kuma tashi daga unguwar ba."