Goggo Ta Ɗauki Gatari

To ai abin da nake ta faɗa muku kenan, ni tun ranar da Goggo ta ce kayan mai magani sun yi min kyau na san akwai wata a ƙasa. Matar da ba ta taɓa yaba ko ɗankwalina ba, ita ce take cewa, "Kai Tsiwa, wannan ai ke ce sak, har hancin." Wane hanci? Zanen cikin waya ne fa, hancin ma ɗigo ne kawai.

Bari dai in ɗauko muku daga farko, kar ku ce ina haɗa zance.

Goggo ƙanwar Babanmu ce. Doguwa ce, kafaɗa kamar ta ɗan dako, magana kuwa sai ka roƙa. Aure ɗaya ta yi, mijin mai gidan burodi. Shi ya koya mata mota, ita take raba burodi shago-shago a wata tsohuwar motar kaya, maza suna nuna ta da baki a titi, ita ko a jikinta. Da ya rasu danginsa suka kwashe gidan burodin har da motar, tunda ba ta haihu ba. Ba ta gama share hawaye ba Kaka ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta ya shanye. Kaka ita ce ta haifi Baba da Goggon. Baba direban babbar mota ne, baƙo ne a gidansa, Mamanmu kuma sun daɗe da rabuwa. Sai ya kira ƙanwarsa ya ce ta zo ta riƙe mana tsohuwa kafin ta ɗan warware.

Lokacin ina firamare. Yanzu ga ni ina kitso a shagon Madam har ana bin layina, Kaka ba ta warware ba, Goggo ba ta koma ko'ina ba.

Ita take mata wanka, ita take juya ta don kar bayanta ya yi gyambo, ita take murƙushe ƙwaya a cokali, ita take wanke zanin gado ta shanya a bayan gida inda baƙi ba sa gani. Katifarta tana ƙasa, gefen gadon Kaka. In an yi biki a dangi kowa ya tafi, a kawo wa Goggo nata a leda. Kullum ana cewa, "Allah ya saka wa Goggo, ai haƙuri gare ta." Ni ma da bakina na sha faɗa, ina tafe ina saka takalmi.

Gem ɗin wayar kuwa Yaya ne ya kawo mana shi. Yayana mai gyaran waya ne, shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matattakalar bene, shi da matarsa Anti suna ɗakin gaba a gidanmu. Gem ne na dodanni, ana shiga kogo mutum huɗu, kowa da wayarsa. Kafin ka fara sai ka zaɓi ko kai waye, kuma in ka zaɓa ka zaɓa, babu canji sai dai ka goge komai ka koma farko. Akwai mai gatari, shi ne a gaba, yana sara yana shan duka. Akwai maharbi. Akwai matsafi mai jifa da wuta. Akwai ɓarawo mai fasa akwatuna. Sai mai magani, ita tana can baya, ba ta dukan kowa, aikinta ta zuba ido a kan layin jinin mutane, wanda nasa ya yi ƙasa ta cika masa.

Mu uku ne, ni da Yaya da Anti, muna neman na huɗu. Wata ranar hutu da yamma muna falo, Yaya ya karɓi wayar Goggo ya saka mata, ya danna nan ya danna can, ya miƙa mata.

"Ga shi Goggo, na zaɓa miki daidai ke."

Ta kai wayar nesa da fuskarta tana kallo. Wata mata ce cikin farin kaya, da sanda, da kwalabe a ƙugu.

"Ita wannan me take yi?"

"Jinya. Kina baya kawai, in an ji mana ciwo ki ba mu magani."

"A wayar ma?"

Anti ta yi dariya, ita kaɗai. Goggo ta ce, "Nuna min sauran." Ya dinga wuce mata su ɗaya bayan ɗaya har aka zo kan wani ƙato mai gemu har ciki, ba riga, da gatari ya fi shi tsawo.

"Wannan fa, wa yake jira?"

"Ba ya jiran kowa, shi ake bi."

"Shi nake so."

"Haba Goggo, namiji ne fa. Ko riga babu."

"Na ga alama. Goge waccan."

Haka aka yi. Yaya ya ɗauki maharbi, Anti ta ɗauki matsafi wai don rigar tana walƙiya. Ni ɓarawo nake so, na riga na ɗora yatsa. Nan Goggo ta matso kusa da ni, abin da ba ta saba ba, ta fara zancen hanci. Wai ga gashi har baya, wai ni da nake kitso ai ni ya dace da ita. Yaya ya ce in babu mai magani ko ƙofar kogon ba za mu wuce ba. Ni kuma a yabe ni kaɗan kaina ya kumbura. Na danna.

Ku zo ku ga Goggo a kogo. Matar da a gida ko ƙofa ba ta bugawa da ƙarfi, ita ce take afka wa dodanni tun ba mu shirya ba, tana cije leɓe, tana cewa "Matsa min!" Kaka tana ɗaki tana barci, ƙofa a buɗe don a ji motsinta. Ni kuwa ina baya ina bin su da kwalba kamar mai tallan ruwa. In na shagala da kallon faɗa sai Goggo ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ba dodo za ki kalla ba, mutanenki za ki kalla. Kar ki jira sai sun yi ihu. Wanda ya yi shiru shi ya fi jin jiki."

"Ke a ina kika iya, Goggo? Jiya-jiya aka saka miki."

Sai ta sare kan wani ƙadangare.

To daga nan abubuwa suka fara yi min wani iri. Da, in zan wuce ɗakin Kaka, daga bakin ƙofa nake gaishe ta in yi gaba. Sai ga Goggo ta fara kirana. "Tsiwa, zo riƙe min kafaɗarta." Na riƙe. Washegari, "Sa hannunki a nan, ƙarƙashin ƙugu, ba ja za ki yi ba, mirginawa za ki yi." Wata rana wai yatsanta yana ciwo, in murƙushe mata ƙwaya. Yatsan da take saran dodanni da shi har wayar tana zafi. Ta nuna min maganin da ake sha kafin abinci, da wanda in aka ba ta ba a kwantar da ita nan da nan. Ta nuna min yadda Kaka take ɗaga gira in tana son fo, don bakinta ba ya fita sosai.

Na ce, "Goggo, wai jarrabawa zan zauna ne?"

Ta ce, "Sani ai ba ya ciwo."

Sai kuma ta yanko tabarau. Sai ta sayi takalmi rufaffe, mara tudu, ta tura shi ƙarƙashin katifa, ni kuma na gani don ina shara. Eh, sharar har ƙarƙashin katifa na kai ta, ku ce abin da za ku ce. Sai ta fara fita da rana, wai karɓo magani, ta bar Anti da Kaka. Maganin da kantinsa yake bakin layinmu, shi ne ake daɗewa haka? In ta zauna cin abinci ina kallon ƙafarta ta hagu tana danna ƙasa tana saki a hankali, tana dannawa tana saki. Na ce ko aljanu ne, ko namiji. Na fi zargin namiji. Har na fara tausaya masa.

A shago asiri ya tonu. Ina yi wa wata kwastoma kitso, ma'aikaciyar banki ce mai surutun tsiya, kanta yana tsakanin gwiwoyina, ta ce, "Ni kuwa ba Goggonki na gani a filin koyon mota ba? Cikin wata bas ruwan ɗorawa ta 'yan makaranta, tana ta ribas tsakanin tayoyi. Wallahi ta fi malamin iyawa."

Na ja gashin ban sani ba, ta yi ƙara. Madam ta harare ni ta madubi.

Ban ce wa kowa komai ba. Na bari sai da muka zauna gem, ranar da za mu shiga wurin babban dodon da muka daɗe muna tara kaya dominsa. Goggo ta yi gaba kamar kullum. Dodo ya make ta, jininta ya yi rabi. Ina gani. Ya ƙara mata, layin ya koma ja. Kwalabena cike, na ɗora wayar a cinya na naɗe hannu.

"Ke! Magani!" in ji Yaya. "Ba ta magani mana!"

"Hannuna ya gaji."

Ƙaton Goggo ya faɗi da gatarinsa. Dodo ya juyo kan Anti ya haɗiye ta da rigar walƙiyarta, ya bi Yaya yana gudu yana harbin bango. Kaina ya zo a ƙarshe, ko motsi ban yi ba.

Yaya ya miƙe yana masifa, wai ba ni da hankali, wai an yi asarar data. Anti ta ce dama ita ta san ba a haɗa harka da ni. Goggo kuwa kallona kawai take ta saman tabarau. Ta ce, "Taso ki taya ni a kicin."

Muna shiga na rufe ƙofa na jingina da ita.

"Bas ɗin ta wace makaranta ce?"

Ta ɗora tukunya, ta kunna wuta, sannan ta ce, "Wata ce a can ƙarshen gari. Mace suke so ta dinga ɗaukar yara. Da ɗaki a ciki. In an koma hutu zan fara."

"Kaka fa?"

"Zan dinga zuwa ranar da babu makaranta."

"Ba shi na tambaya ba. Sauran ranakun fa?"

Ruwa ya fara ƙara a tukunya.

"Baba ya sani?"

"Ya sani. Yayanki ma ya sani."

"Au! Wato an zauna a kaina. Shi ya sa aka manna min mai kwalabe, har da hancina ya yi kyau."

"Gem ɗin ba da shiri aka kawo shi ba. Amma da na ga kin iya lura da mutane, na ce bari in gwada ki."

"Ki gwada ni ko ki ɗaure ni?"

Ta juyo. Ban taɓa ganin idonta haka ba. "Tsiwa, ni da waya aka kira ni, aka ce in zo na ɗan lokaci. Ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Idona ya fara tafiya, in na ƙara jira ba mai ba ni mota. Babanki ya ce kawai a sanar da ke ranar da zan tafi. Ni na ce a'a, sai an tambaye ki. To ga shi ina tambayarki."

Na ce, "Wannan ce tambayar? Bayan kin koya min juya ta?"

Ba ta musa ba. Abin da ya fi ba ni haushi kenan, ko ƙarya ba ta yi min ba in samu abin kamawa.

Washegari na tsaya a shagon Yaya kafin in wuce aiki. Yana sunkuye a kan wata waya da ya farke, da ɗan ƙarfen narka dalma a hannu.

"Yaya, kai ba kakarka ba ce?"

"Ke dalla, ni namiji ne. Ni zan mata wanka? Ga shago."

"Ni ma ai shago gare ni."

"Kitso? Kitso ai ko a tsakar gida kya yi."

"Anti fa?"

"Antinki ba jininta ba ce, kuma kin san ciwon bayanta."

Bayan Anti ba ya tashi sai an ambaci aiki. Na ce masa a gem ɗin ma ai akwai mai magani namiji, na gan shi, har da gemu. Ya ce in matsa ina tare masa haske.

Madam kuwa da na ɗan gutsura mata zancen cewa ta yi, "Kujera ba ta jiran mutum, 'yan mata biyu suna min naci." Ban ga laifinta ba. Ni na san wahalar da na sha kafin a fara cewa ni ake so, ba Madam ba.

Yanzu abin da ya rage min ke nan, kowa na gidan nan ina masa kallon biyu. Anti ta fara zuba min nama fiye da na Yaya. Baba ya kira ni daga hanya, wai yana gaishe da 'yar albarka, mutumin da sai in yi masa fulashin sau nawa bai kira ba. Har Kaka ban yarda da ita ba. Shekaranjiya Goggo ta kai mata cokali ta kawar da kai, ta ɗaga min gira. Na karɓa na ba ta, ta shanye tas, ta riƙe min ɗan yatsa da hannunta mai lafiyar ta ƙi saki. Ko ita ma da ita aka zauna, ko kuwa haka kawai take so na, wallahi ban sani ba. Hannun nata ba nauyi, kamar na jariri.

An kusa komawa makaranta. Goggo ba ta ƙara yi min maganar ba, tana dai wanke kayanta tana ninkewa. In na ce eh, na san yadda ake ƙarewa, ga ta nan ina gani, a ɗakin nan ta yi furfura. In na ce ta zauna, ni na hana ta, kuma na san za ta zauna ɗin, ba za ta ce uffan ba. Yaya da Anti kuwa kun ji nasu.

To ku da kuka iya ba da shawara, in na ce ban yi, wa zai juya ta?