Miyar Madu Ba Gishiri

Duk wanda ya san ƙauyenmu na gefen Ɗambatta ya san Madu, dogon nan mai kasa kanwa da barkono ranar kasuwa. Kakansa ne ya zo daga Barno. Shi kam ko gaisuwa bai iya da Barbarci ba, amma taɓa Barno ka ga yadda zai kumbura, kamar shi ya kafa ta.

Gonarsa da ta Shago kunya ɗaya ce ta raba su. Shago Kirista ne, gajere, bakinsa kamar reza. Tare suka yi kiwon awaki suna yara, tare suka sha bulalar masu rake. Shago bai taɓa kiransa Madu ba, sai Ɗan Barno. Shi kuma ya ce masa Guntu.

A ƙofar gidan Shago ake ciyayya. Da an idar da magariba sai magidanta su baje tabarma a gindin darbejiya, kowa a fito masa da kwanon gidansa, a taru a cinye wannan a jawo wancan. Kwanon da aka suɗe, matar gidan ta kwana da daɗi. Wanda ya koma da saura kuwa, sai ta sha tsiya wajen mata a bakin rijiya.

Wata rana Falta, matar Madu, ta manta gishiri a miyar kuka. Shago ya kai loma ɗaya, ya lumshe ido.

“Ɗan Barno, gishirin ma kasuwa ka kai? Ko a garinku da hawaye ake gyara miya?”

Aka fashe da dariya har wani ya ƙware. Madu ya kife kwanonsa da faifai, ya miƙe, ya shige gida. Ita Faltar da aka yi fushin dominta dariya ta yi, ta ce, “To ai gaskiya ya faɗa, Malam.”

Washegari Shago ya zo biko da ƙullin gishiri a leda, a zatonsa dariya za ta wanke komai. Madu ya wurga ledar bayan katanga. Shago ya sake dawowa, wannan karon ba wasa, ya ba da haƙuri. Madu ya ce, “Ba komai,” irin ba komai ɗin nan mai ƙaya a ciki. Daga nan ya koma cin tuwonsa a zaure shi kaɗai, yana jiyo dariyarsu yana tsaki. Yaran da aka haifa a shekarar har sun yi aure, kwanon Madu bai sake fitowa ba.

Daminar bara Falta ta rasu. ’Yarsu ɗaya, Aina’u, tana aure a Kunci. Shago ya zo zaman makoki da sandarsa, ya durƙusa da ƙyar, ya ce, “Allah ya ba da haƙuri, Malam Madu.”

Malam Madu! Sai a ranar Madu ya lura tun yaushe rabon da a ce masa Ɗan Barno. Ga gida shiru, ko motsin muciya babu. Ana haka ya ji labarin Abel, ɗan Shago, zai kwashe uban ya koma da shi Kano da an gama girbi, saboda ciwon ƙafa. Ciyayyar ma ta mutu tuni. Samari sun koma teburin mai shayi, kowa ya kifa kai a waya. Saura Shago da Sha’aban tsohon wanzami, su biyu a kan tabarma kamar masu jiran mota.

Madu ba mai iya cewa “yafe ni” ba ne, bakinsa bai san hanyar ba. Sai ya yi dabara irin tasa. Ya hura wuta da kansa, hayaƙi ya sa shi kukan da bai yi ba ranar jana’iza. Ya tuƙa tuwon dawa duk gudaji, ya kaɗa miyar kuka, da gangan ya ƙi sa gishiri. So yake Shago ya tsokane shi kawai, shi kuma ya rama, shi ke nan a koma yadda ake. Amsar ma ya daɗe da tanadarta.

Ya fito da kwano, ya yi sallama, ya zauna a gefen tabarma. Sha’aban ya saki baki. Shago ya matsa ya ba shi wuri, ya wanke hannu, ya gutsura.

“Yaya miyar?” in ji Madu.

“Madalla, Malam Madu.”

“Gishirin fa?”

“Daidai yake.”

Sha’aban ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska, ya ce shi yau cikinsa ba daɗi.

“Shago, ban fa sa ba,” in ji Madu. “Ko ƙwaya.”

“Haka ma ya fi. Likita ya hana ni.”

Madu ya tattaro ƙarfinsa ya ce, “Kai, Guntu!”

“Na’am, Malam.”

“Ba za ka ce komai ba?”

Shago ya dubi kwanon. “Tun ranar nan na daina wasa da abincin mutane,” ya ce. “Na yi hasarar aboki a kan loma ɗaya. Yanzu ko na so, bakin ya manta.”

Ya cinye tuwon nan tas, gudaji da komai, ya suɗe kwanon, ya miƙa masa hannu bibbiyu kamar yadda ake yi wa baƙo.

Da aka ɗaure dawa Abel ya zo da mota. Madu ya taya su ɗora katifa. Shago ya leƙo ta taga ya ce, “A yafe mu, Malam Madu.”

Yanzu kullum bayan magariba za ka gan shi a gindin darbejiyar da kwanonsa, wata rana da Sha’aban, yawanci shi da kajin gidan. ’Yan unguwa marasa ta ido mukan ɗaga murya in za mu wuce, “Ɗan Barno, an sa gishiri yau?” Sai ya ɗago da sauri, ya dubi mai maganar, ya mai da kansa kan kwano.